Alwalar Yaya Sule

Jiya na taso daga Birmingham zuwa gidan kula da tsofaffi a Gorton, na tarar da yayana Sule kai a sunkuye, yawu na zuba. Ciwon mantuwa bai taɓa hana shi tsokanata ba, amma jiya ko kai bai ɗago ba.

Na tambayi nas ɗin. Ta ce, "Maganin masu taɓin hankali aka sa masa. Kullum sai ya cire safa ya tura ƙafa cikin sink na wanke hannu, in an hana shi ya hau faɗa."

Na ce, "'Yar nan, alwala fa yake yi. Turancin ne ya gudu, sallar tana nan."

Ta ce tun da ƙaramar hukuma ta tsuke hannu ba su da ma'aikata, amma za ta roƙi likita ya rage maganin. Alkawari dai, na sha jin irinsa a ƙasar nan.

Duk digirina, ranar da Turancina zai gudu, wa zai ce musu alwala ce? Ku da kuke da tsofaffi a gidajen nan, kun taɓa tambayar abin da ake ba su?