Jirgin da ke Garejin Malam Zabeirou

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma, kowa da ranarsa. Ranar Malam Zabeirou ta zo Talata, 23 ga Janairun 2007. Yana cikin aiki a siton da yake loda kaya a kan titin Wendover, a nan Greensboro ta Amurka, ya dafe ƙirji ya zauna. Aka kai shi asibiti, kafin la'asar rai ya yi halinsa. Da gangan na faɗi wurin, saboda har yau ana bugo waya daga gida ana tambaya ko ruwa ne ya ci shi. A kan siminti ya faɗi, da takalmin aiki a ƙafarsa.

Malam, ni ce Tchima, Maman Sakina. Ka san da furfura na shiga aji, biro bai daɗe a hannuna ba. Na zauna na rubuta wannan ne domin a karanta shi a ɓangaren maza da na mata, tunda a zaman makokinka an yi maganganu a kanka, ni kuma muryata ba ta wuce labule.

Kai Basarke ne, ɗan gidan masunta daga Gaya ta Nijar, an haife ka a bakin kogin Kwara. Da ka sayi tsohon jirgin ruwan nan mai ƙaramin inji ka jawo shi a bayan motarka, mutanen Greensboro sun yi dariya. Suka ce kowa ya zo neman abinci, kai ka zo wasan Turawa. Amma waɗanda suka yi dariyar sun ci tarwaɗarka. Duk lokacin zafi, in ka dawo daga tafkin Brandt ko Townsend, kakan gyara kifin da kanka, ka bi gidajen sababbin zuwa kana ajiye musu a bakin ƙofa. Da mahaifiyar Issaka, wani ɗan ƙasarmu da ke nan, ta rasu a Dosso, shi kuma babu halin tafiya jana'iza, ba ka yi masa dogon wa'azi ba. Ka sa shi a jirgi, ka kai shi tsakiyar tafki, ka kashe inji, ka juya masa baya kana gyaran ƙugiya har ya gama kukansa. Shi ya ba mu labarin da bakinsa.

In sanyi ya shigo, jirgin yakan koma gareji a kan tirelarsa. Wasu sukan rufe nasu da tamfol sai bazara. Kai kuwa duk Lahadi bayan la'asar kakan kunna hita, ka ɗora shayi, ka jingina tsani, mutane su hau jirgin a cikin gareji, kowa a mazauninsa na kan ruwa, a yi ta hirar tafiye-tafiyen da aka yi. Doka biyu ka kafa. Ba mai hawa sai ya ɗaura rigar nan mai hana nutsewa, wadda kake kira jile, ko da yake babu ɗigon ruwa a ƙasa. Kuma ba mai magana sai wanda filafilin tuƙa jirgin yake hannunsa. Na ga Alhaji Nouhou da babbar riga mai aiki, ya ɗora jile ruwan lemo a sama, igiyar ta ƙi kewaye cikinsa. Ya ce, "Zabeirou, a cikin siminti zan nutse?" Ka ce, "Alhaji, hannu nake koya wa. Ranar da ruwa ya zo ba ya jiran a nemi igiya." Tarwaɗar da Issaka ya kama a Townsend kuwa duk sanyi ƙara girma take yi. Bara ta kai tsawon hannu, bana ta kai ƙirji. Ka ce masa ya rage ba ta abinci, kada ta fasa maka gareji.

Lokacin da muka fara zuwa ƙasar nan, 'yata Sakinatou ta daina yi mini magana. Daga makaranta sai ɗaki, ta rufe ƙofa. In na yi mata Hausa ta amsa da Turanci, kalma ɗaya, ba ta ko dubana. Babanta yana kan hanya da babbar mota, sai ya yi makonni bai kwana a gida ba. Ni ba na barci. Matarka Hajiya Zahara ce ta ce in kawo ta garejin ko ta sha iska. Ta zauna a ƙarshen jirgi duk sanyin farko ba ta ce uffan ba, filafili ya zo gabanta ta miƙa wa na kusa. Kai ma ba ka matsa mata ba. Da bazara ta yi, ka zo har gida ka roƙe ni in bar ta ta bi ku tafki, da Hajiya Zahara a cikin jirgin.

Ka san abin da ka roƙa. Ina ƙarama na ga kwale-kwalen kasuwa da ya kife kusa da Gaya, na ga mutanen da aka jera a kan yashi an rufe su da zannuwan mata. Kai ma ka gani, kana cikin samarin da suka tsamo su. Ka ce mini, "Tchima, ajali na Allah ne, amma bai hana mu ɗaura jile ba." Na yarda, sai dai ban taɓa taka katakon da ake hawa jirgin ba. A cikin mota nake zama da carbi, ina kallon ku kuna ƙanƙancewa. Ban san iyakar wayar da na buga maka ba, kuma ba ka taɓa ƙin ɗauka ba. Amsarka kullum ɗaya ce: "Maman Sakina, muna sama, ruwa na ƙasa."

Sanyin da ya biyo baya filafili ya zo gaban Sakinatou, ta riƙe. Ta ba da labarin ranar da inji ya mutu muku a Brandt, ku biyu kuka tuƙo jirgin da hannu, Alhaji Nouhou yana zaune yana ba da umarni. Da Hausa ta ba da shi. Hausar duk a karye, tana ce wa Alhaji "ta ce", amma garejin ya ɗauki dariya, ita ma ta yi. Ina zaune a kan bokiti a gefe, don ko a gareji ban cika son hawa ba. A hanyar gida ta ci gaba da ba ni labarin, ba ta koma Turanci ba har muka isa. Tun ranar nake da 'ya. Daga baya ka koya mata inji da karanta iska, ka sa ta yi karatun tuƙin jirgi har ta gama. Lahadin ƙarshe, ana saura kwana kaɗan ka rasu, ka miƙa mata filafili a gaban kowa ka ce, "Bana ke za ki ja mu. Ni fasinja ne."

Yanzu ga abin da ake faɗa, Malam. An ce ka ɓata ƙarfinka a kan abin wasa. An ce zaman gareji shirme ne, manya da rigunan lemo kamar yara. An matsa wa Hajiya Zahara ta fitar da jirgin kafin addu'ar arba'in. Ita kuma ta ce jirgin haƙƙinta ne da na 'ya'yanta, sun yi shawara, in akwai mai tuƙa shi yana nan, in babu ya tafi. Mai tuƙin kuwa ɗaya ce, kowa ya san ta. Shi ya sa wasu mata suka zo gidana ranar Alhamis. Suka ce budurwa a kan tafki abin magana ne, wa zai aure ta? Suka ce ni da kowa ya san ina tsoron ruwa, kalma ɗaya zan faɗa a huta. Sakinatou tana ɗaki tana ji. Da suka tafi na ji ta murɗa makulli, irin na da.

Sun tafi suna jiran amsata. Ga amsar nan a rubuce. Tsoron ruwa nawa ne, ina nan da shi, kuma ban ba kowa aronsa ya rufe mini 'ya ba. Lokacin da take kulle a ɗaki ba ta ci ba ta magana, ban ga ɗayanku a ƙofata ba. Wannan bawan Allah da kuke cewa ya yi wasa da rayuwarsa shi ya zo. Babanta ya ji, ya kuma yarda. Sakinatou za ta tuƙa jirgin.

Ka ce bana kai fasinja ne, Malam. Mazaunin nan ba zai tafi tafki babu kowa ba. In Allah ya kai mu bazara, zan bar motar, in taka katakon, in zauna a wurinka. Na san zan rufe ido, na san zan riƙe gefen jirgin har yatsuna su yi tsami. Na gwada jilenka jiya, ya yi mini yawa, Sakinatou ta ja igiyar ta daidaita shi.

Allah ya jiƙanka, Malam Zabeirou, ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata kabarinka ya haskaka shi. Kifin da ka ajiye a ƙofofin baƙi da hawayen da ka rufa wa asiri, Allah ya sa ka same su a mizani. Allah ya shayar da kai daga ƙoramun Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Zahara, da 'ya'yanka Mamane da Ousmane, da danginka na Gaya, da duk wanda ya taɓa riƙe filafilin nan. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen.

Hajiya Zahara ta ce in sanar: Lahadi bayan la'asar garejin a buɗe yake, kamar kullum. Waɗanda suka zo gidana ranar Alhamis ma suna iya zuwa. Akwai jile a rataye.

Tchima, Maman Sakina
Greensboro