Inda Hannun Malama Maeng Zai Huta

Mijina, Tak Bong-gil, shekara talatin da takwas ya yi yana dasa tsiron wake a takarda. Haka muke kiran alamomin nan na kiɗa, masu baƙin kai da doguwar ƙafa, da ke hawa da sauka a kan layuka biyar. A lungun masu ɗab'i na birnin Daegu yake aiki, da akwatin ƙananan hatimai da suka fi ɗari. Ya dangwali tawada, ya danna, ya ja ƙafar da rula. Shi kansa ba ya kiɗa. In kuwa ya ɗaga murya zai yi waƙa, karen maƙwabta ne ke fara ba shi haƙuri.

Ni ban taɓa zaman aji ba, shinkafa na dasa tun ina 'yar bakwai. Shi ya sa in ya gama shafi yakan jingina shi da bango, ya kira ni daga madafa.

"Uwar Ok-hi, ina ya cushe?"

In nuna da ludayi. "Nan. Ka dasa su kamar mai gudun ruwan sama."

Ya yi tsaki, ya ɗauki reza ya kankare. Yakan ce sauti mai tsawo a ba shi fili, gajere a matse shi, ido ya ga tsawon kafin kai ya lissafa.

Da ya cika sittin da biyar hannunsa na dama ya soma rawa. Ya ɗora akwatin a saman kabad, ya koma zaman bakin ƙofa. Shekara biyu bai taɓa shi ba.

Sai ga Malama Maeng Sun-rye, wadda ta shekara talatin tana kaɗa fiyano a cocin ƙarshen layinmu. Yanar ido ta fara rufe mata gani. Sau biyu ta tsaya cak a tsakiyar waƙa tana laluben layi, mutum ɗari na jiranta. Dattawan coci suka ce ta huta bayan bikin godiyar kaka, in ma tana so wata ta karɓe ta tun ranar. Saura mako uku.

Ta zauna a ɗakinmu, shayin sha'ir na hucewa a gabanta. Takardar kiɗa mai manyan alamu ta zo roƙon maigidan ya yi mata.

"Yaya," ta ce mini, "ba kujerar nake wa kuka ba. Ba na so a riƙa tuna ni da ranar da na tsaya. Sau ɗaya kawai nake so in kai ƙarshe lafiya."

Maigidan ya ɗaga hannunsa mai rawa ya nuna mata.

Na ce, "To ni nawa hannun fa, a kasuwa na manta shi? Kai tsoho, ka nuna wuri, ni in danna."

"Ke da ba ki san kan alama da gindinta ba?"

"Na san kanka da gindinka shekara arba'in, ai bai fi wannan sauƙi ba."

Washegari ya sa ta zauna a gaban fiyanonta, ya ɗauki zare ya auna daga hancinta zuwa inda takarda ke tsayawa. Ya rubuta alamu manya da ƙanana, yana tambaya wacce take gani ba tare da ta sunkuya ba. Farar takarda fat ya ƙi ta, ya ce tana kashe ido, ya nemo mai launin madarar waken suya. Sannan ya ce ta kaɗa waƙar sau uku. Ba sauraro yake yi ba, hannuwanta yake kallo.

Muka fara. Shi ya ɗiga fensir, ni in danna hatimi. Na farko ya fito kamar kashin akuya da aka taka. Ya ce kada in danna kamar mai kirɓa tafarnuwa, in ajiye shi kamar yadda ake kwantar da jariri. Rula kuwa shi ke danne ta da hannun hagu, ni in ja. Layin ba ya yankewa sai inda mawaƙa ke shan numfashi. Kwana goma muna faɗa, tawada har a goshina.

Babban faɗan a shafi na biyu aka yi shi. Mun kai rabi, sai ya ce, "Tsaya nan. Ɗauko sabuwar takarda."

"Wannan filin fa? Wa ka bar wa, kakanninka?"

"A bar shi fari."

"Mun ci ɓawon itace lokacin yaƙi, yau kai ne mai zubar da rabin takarda?"

Ya kama hannuna ya ɗora a kan alamar ƙarshe. "Nan mata ke waƙa su kaɗai, hannunta na hagu ba ya aikin komai har numfashi huɗu. In ta juya shafi a nan, a natse za ta juya. In muka cika takardar, juyin zai faɗo inda hannu biyu ke gudu. Can ta tsaya wancan karon. Ba idon kaɗai ba ne."

Na ɗauko sabuwar takarda ba gardama. Ba kasafai nake yin hakan ba, don haka ya ji daɗi.

Mu ba 'yan coci ba ne, amma ranar bikin mun shiga muka raɓe a bencin baya, ƙamshin sabuwar shinkafa da tuffa ya cika wurin. Malama Maeng ta fara. Ni ban san daidai da kuskure ba, hannunsa da ke rawa a kan gwiwata nake ji. Da mata suka ɗauki waƙar su kaɗai, ya matse ni. Ta ɗaga hannun hagu a hankali, ta juya shafin, har ta shafa shi ya kwanta, ta mayar da yatsunta kafin maza su shigo. Daga nan ba ta ƙara waiwaye ba sai ƙarshe.

A waje wani dattijo ya tare ta yana murza hannu, wai ko za ta ƙara musu zuwa bazara. Ta ciro makullin fiyano daga jakarta ta miƙa masa da hannu biyu.

"Ya isa, dattijo. A nan nake so in sauka."

Maigidan ya matso yana gyaran murya. "Malama, takardar fa?"

Ta ce, "Ka gafarce ni, Baban Ok-hi. Gaskiya na manta ma akwai takarda a gabana."

Na buɗe baki zan rama masa wahalar kwana goma, sai na ga fuskarsa. Dariya yake, har dasashi. A wurinsa, takardar da mai kiɗa ya manta tana gabansa ita ce ta yi aikinta. A gida ya ci shinkafa kwano uku, ya zubar da rabin miya a rigarsa, ni kuwa ban ce masa uffan ba.