Wutsiyar da Gwaggo Ta Kashe

Idonta na fara gani. Na shiga wani shagon tsuntsaye a unguwar Sharafiyya, a ƙasa mai tsarki, don kawai in sha sanyin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, sai ga wata tsaka ruwan ɗorawa mai ɗigon baƙi a cikin akwatin gilashi. Ta dube ni, ta lumshe ido a hankali. Na ƙarar da ƙuruciyata a kan littattafan soyayya ina jiran wanda zai lumshe mini ido haka. Ashe tsaka ce rabona.

Mai shagon, wani dogon Bahaushen Sudan mai tsararren gemu, ya ce wannan ta kiwo ce, ba ta hawa bango, ba ta cizo. Yana bayani ina zaɓar ankon bikinmu a zuci. Na saye ta, don tsaka gyare take ci, gyare kuwa a wurinsa ake saye.

Matsalar ita ce Gwaggo, yayar babana da ta riƙe ni. Gwaggo mafarauciyar lada ce, kuma tun tana yarinya ta san kashe tsaka da bugun farko ya fi kowane bugu lada. Silifas ɗinta bai taɓa yin nisa da hannunta ba.

Na ɓoye akwatin a durowar kaya, bayan abayoyi. Na sa mata shimfiɗar ɗumi ta lantarki a ƙasa, saboda sanyin ɗaki yana hana ta narkar da abinci. Ina barbaɗa wa gyaren farar hodar ƙarfin ƙashi kafin in ba ta. In za ta yi saɓa, sai in jiƙa tsumma in sa mata a kogonta, ta tuɓe tsohuwar fatar ta cinye abarta. Na raɗa mata sunan jarumin littafin da na fi so, duk da mace ce.

Kukan gyare ne ya tona mu. Wata la'asar ina wanke akwatin, tsakar tana shawagi a kan kafet, Gwaggo ta biyo sautin ta turo ƙofa.

"Innalillahi! Ke 'yar nan, kauce!"

Kafin in buɗe baki silifas ya sauka. A wutsiya ya same ta. Ta yar da wutsiyar, yadda suke yi in sun tsorata, ta shige ƙarƙashin gado. Wutsiyar ta yi ta mutsu-mutsu, Gwaggo ta bi ta da duka har ta daina.

"Halas, an gama! Bugu ɗaya. Allah Ka shaida!"

Sai marar kunyar ta leƙo kai daga ƙarƙashin gado, ta lumshe ido.

Gwaggo ta zauna daɓas. "Bugun farkona ya tafi a banza." Ta sake ɗaga takalmin, ni kuma na faɗa gabanta ina kuka.

"Gwaggo, wutsiyar tana sake tsirowa. In kin kashe ta yanzu, rabin tsaka kika kashe."

"Wa ya ce?"

"Mai shago."

"Malami ne shi?"

"Yana da gemu dai."

Ta auna abin. "To, ta cika tukuna. Mu fara sabon lale. Me take ci ta yi saurin girma?"

Tun daga ranar Gwaggo ce ke ba ta abinci, tana yi tana zaginta. Ita ta karɓe zuwa sayen gyare, ita kuma ta dawo mini da labarin cewa angona mai shago yana da mata da 'ya'ya reras a unguwar Waziriyya. Na yi kwanan kuka kamar yadda ake yi a littafi, washegari na ji yunwa na tashi.

Wutsiyar ta fito, gajera, dunƙulalliya kamar dankali. Na nuna wa Gwaggo. Ta juya kai. "Wannan ce wutsiya? Da saura."

Yanzu shekaru sun ja, na yi aure, Gwaggo ta koma Maraɗi, ƙafa ta ƙi, ido ya yi rauni. In na kira ta a bidiyo, ba ta tambayar mijina, ba ta tambayar yara sai ta gama da tsakar.

"Kawo ta kusa in gani. Kai, ta rame! Ba kya sa hodar nan ko? Ki kula mini da ita, 'yar nan. Ladana ce, ina nan zuwa."