Ranar da Aka Kife Teburin Babana

Ni mutum ne mai saurin mantuwa, matata ma shaida ce, don sau da yawa takan aike ni sayen abu in dawo mata da wani daban. Amma ranar da aka kife teburin naman babana a bakin kasuwar Zango, a nan Lome, ita kam ba za ta bar raina ba sai ƙasa ta rufe idona.

Mu mahauta ne tun kaka. Kakana daga arewacin Najeriya ya zo da wuƙarsa, babana a nan aka haife shi, ni ma haka. Na yi bokon Faransanci har na kusa shiga jami'a, sai babana ya rasu, na ajiye biro na ɗauki wuƙa. Teburin da ya bar min shi ne na farko a layin mahauta, duk wanda ya sauka daga kan zemijan, wato mai babur ɗin haya, da ni yake fara cin karo. A sana'armu wurin tebur ya fi jari daraja, kuma babana ya yi shekara da shekaru yana lallaɓa mutane kafin ya samu wannan wurin.

Cikin abin da na gada har da wani tsoho. Bayahude ne, asalin iyayensa Maroko, yana da ɗan shagon gyaran tabarau a cikin gari, kuma ya zo Lome tun ba a haife ni ba. Kowace Juma'a da safe zai zo ya sayi kafaɗar rago. Ba ya taɓa cinya, ya ce akwai wata jijiya a jikinta da addininsu ya hana su ci. Yankanmu ba daidai yake da nasu ba, amma a garin da babu mai yanka irin nasu, ya ce gara wanda ya ambaci sunan Allah ya tsiyaye jini. Kada ku ɗauka wani salihin tsoho ne mai daɗin baki. Mitarsa ta fi ta kowa. Kullum ƙashi ya yi yawa, kullum sikelina maƙaryaci ne, kullum rago ya tsufa kamar shi. Babana abokin faɗa yake ce masa, kuma tun asubar Juma'a yake ware masa kafaɗa ya rataye gefe, ni ma na ɗora a kan haka.

Sai yaƙi ya sake ɓarkewa a Gaza. Kowa a Zango da wayarsa a hannu, ana kallon gidaje sun rushe, ana zaro yara daga ƙarƙashin gini. Ni na fi kowa zafi, ba na ɓoyewa. Da aka shirya taron addu'a a filin masallaci, ni na rubuta allunan da aka ɗaga, da Faransanci, don 'yan gari su karanta. Na rubuta cewa gwamnatin Isra'ila tana kashe bayin Allah da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, na rubuta cewa zalunci ne. Har yau ban janye ko kalma ɗaya daga cikin abin da na rubuta ba.

Bayan kwana biyu mahauta suka taru a rumfar sarkin fawa, shugabanmu. Aka yarda kowa ya kawo gudummawa, don mutanen Gaza, aka yarda a ci gaba da alƙunut. Ana shirin tashi sai maƙwabcin teburina, wanda yake na biyu a layi, ya gyara murya. Ya girme ni, kuma ya daɗe yana kallon wurina da gefen ido.

"Bon, to, duk wannan ya yi," in ji shi. "Amma yaya za a yi da wanda yake ciyar da su kowace Juma'a? Muna kuka da dare, da safe wani yana zaɓa musu kafaɗa mai kitse."

Kowa ya juyo ya dube ni. Sarkin fawa tsoho ne mai gudun hayaniya, abin da ya fi so a duniya shi ne taro ya watse lafiya. Ya ce, "To, a daina sayar masa, har Allah ya kawo sauƙi." Ni da bakina ba ya mutuwa a gardama, ran nan ko tari ban yi ba. Tsoro na ji, kada a ce mai rubuta alluna ne munafuki.

Juma'a ta zo. Hannuna ya riga ya saba, ban ankara ba na ware kafaɗar na rataye a bayana. Tsohon ya iso yana dogara sandarsa, ya fara mitar zafin rana tun daga nesa. Na ce masa, "Musiye, yau nama ya ƙare." Ya dubi fuskata, ya dubi kafaɗar da take lilo a bayan kaina, ya sake dubana. Na yi zaton zai yi masifa kamar yadda ya saba, da ya yi ma da na ji sauƙi. Sai kawai ya gyara tabarau ɗinsa, ya bi layi tebur bayan tebur, kowa ya sunkuyar da kai yana wasa wuƙa, har ya fita ta ɗaya ƙofar hannu wofi.

Labari ya riga ni isa gida. Mahaifiyata tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗago kai ba.

"An ce kun ci yaƙi yau," ta ce. "Sannunku da ƙoƙari. Jirgin saman nasa a ina ya ajiye shi, cikin shagon tabarau?"

Na ce, "Inna, ba ki ga abin da suke yi ba ne."

"Na gani, na yi kuka fiye da kai. Su wa suke yi? Babanka ya yi shekara arba'in a kan teburin nan, bai taɓa ce wa mutum nama ya ƙare ba alhali yana rataye."

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Abincin ran nan ban iya ci ba.

Ranar Litinin na hau zemijan na tafi shagonsa. Na same shi yana ɗaure wata ƙaramar ƙusa a jikin tabarau. Na ce na zo ba da haƙuri, ƙarya na yi masa. Ya ce ya sani, ai shi tabarau yake gyarawa. Daga nan, maimakon in yi sallama in tafi, sai bakina ya ƙwace. Na gaya masa duk abin da nake gani game da gwamnatin Isra'ila, ban rage komai ba. Shi ma bai raga min ba. Ya ce yana da ƙanwa a can da jikokinta, in ƙararrawar hari ta kaɗa da gudu suke shiga ramin ɓuya, ya tambaye ni ko na rubuta allo saboda su. Na ce yaran da ake zarowa daga ƙarƙashin gini ba su da ko ramin. Ya ce wasu abubuwan da gwamnatin take yi shi ma suna hana shi barci, amma wasu dole ce ta sa. Na ce babu dolen da za ta sa a kashe jariri. Muka yi ta yi har mai shagon kusa ya leƙo. Ba mu daidaita ba, kuma har gobe ina ganin bai yi daidai ba a abubuwa da yawa.

Amma ina tsaye a wurin na gane wani abu. Wannan tsohon bai taɓa jefa ƙuri'a a can ba, bai taɓa riƙe bindiga ba. Ra'ayi gare shi, kamar yadda nake da nawa, kuma ra'ayi da baki ake amsa shi. Abin da muka yi masa a kasuwa kuwa, ba mu ma tambayi ra'ayinsa ba. Ko da ya zo da allo irin nawa a hannu, da sai mun hana shi naman, saboda abin da aka haife shi a ciki.

Da zan fita na ce, "Juma'a ka zo."

Ya ce, "Yaro, mutanenka za su cinye ka ɗanye."

Na ce, "Ai ni ne mahauci."

Ran Juma'a ban ɓoye kafaɗar a baya ba, a gaban tebur na rataye ta inda kowa zai gani. Da tsohon ya iso na yi masa maraba da ƙarfi, na ɗora a sikeli, na naɗe masa. Ya ce ƙashi ya yi yawa. Maƙwabcina ya caka wuƙarsa a katako ya ce, "Ka ji abin da aka yanke, ko kunnenka ya toshe?" Na ce na ji, ban yarda ba ne. Kafin a sauko daga masallaci an aiko kirana.

Rumfar sarkin fawa ta cika har waje. Ya ce, "Ɗana, ka karya maganar jama'a. Ka ce ka tuba, a wuce wurin."

Na durƙusa kamar yadda ya kamata, don sa'an babana ne. Na ce, "Ranka ya daɗe, in maganar gwamnatin can ce, a kawo allo yanzu in ƙara rubutawa. In gudummawa ce, a ninka tawa. Amma tsohon nan ba gwamnati ba ne."

Maƙwabcina ya ce, "Duk ɗaya suke. Jininsu ɗaya."

Nan raina ya ɓaci. Na miƙe tsaye, abin da ba a yi a gaban sarki. Na juya ga maƙwabcina na ce, "Yaya, kai ne kake faɗin haka? Lokacin da Najeriya ta rufe iyakarta, kayan matan babbar kasuwa suka ruɓe a mota, me aka yi mana? Ba a nuna mu da yatsa ana cewa ga 'yan Najeriya ba, ku ne kuka jawo mana? Kai ne ka dawo nan kana huci, kana cewa a Lome aka binne cibiyarka, ba ka taɓa ganin Abuja ba, me ya haɗa ka da shugabansu. Ran nan ka san bambancin mutum da gwamnati. Yau ka manta?"

Wani dattijo a baya ya ce a hankali, "Yaron nan fa bai yi ƙarya ba." Amma shi kaɗai ya faɗa, bai kuma maimaita ba. Sarkin fawa ya share gumi. Na san a zuciyarsa ya gane, sai dai mutum talatin sun fi masa nauyi a kan mutum ɗaya. Ya ce, "Sau ɗaya zan ƙara tambaya. Ka tuba?"

Na ce, "Na tuba da miƙewa tsaye a gabanka. Naman kuwa, in Allah ya kai mu Juma'a zan sake sayar masa."

Wanda ba mahauci ba ba zai san nauyin kife tebur ba. Hukunci ne da ake yi wa wanda aka kama da mushe ko da sikelin cuta. Sarkin fawa ya yanke hukunci, mutum huɗu suka ɗauki teburin babana suka juya shi, ƙafafu huɗu suna kallon sama, a bakin hanya inda duk mai wucewa zai gani. Mata suka riƙa tsayawa suna tambaya da yaren Mina me ɗan marigayi ya sayar. Na tsaya a gefensa har la'asar, duk wanda ya tambaya na gaya masa da bakina. Hawaye sun zo min, ba zan yi ƙarya ba, amma ban bari maƙwabcina ya gani ba.

Wata biyu teburin ya yi a kife. Na riƙa karɓar yanka a gidajen suna da na biki don ciyar da iyali, matata ta ƙara da sayar da koko. Kowace Juma'a kuma in nemi kafaɗa a wajen wani mahauci a unguwar Adakpame, in kai wa tsohon har shago, mu taɓa gardama in dawo. Da wa'adi ya cika aka ce in dawo kasuwa, amma an riga an ba maƙwabcina wurin farko. Ni aka kai ni ƙarshen layi, bakin kwata, kusa da masu kifi. Sarkin fawa ya aiko min a asirce, ya ce in na furta kalma ɗaya ta ban haƙuri a gaban jama'a zai mayar min da wurin babana. Na ce a gaishe shi, a ce masa warin kifi bai kashe kowa ba.

Shekaru sun wuce, ina nan a ƙarshen layi. Ciniki bai kai na da ba, wani lokacin in na wuce ta wurin farko sai in kawar da kai. Wasu daga cikin waɗanda suka ɗaga teburin sun zo daga baya, ɗaya bayan ɗaya, suna cewa su ma ba da son ransu ba. Na ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya, don ni ma na taɓa yin shiru a inda ya kamata in yi magana.

Abin da na koya shi ne, ka zagi azzalumar gwamnati da duk ƙarfin muryarka, ka ambaci abin da ta yi, ka ambaci wanda ya ba da umarni, wannan haƙƙinka ne kuma ba wanda zai hana ni shi. Amma duk ranar da ka ga fushinka ya kasa isa wurin masu mulki, ya sauka a kan wani bawan Allah don kawai addininsa ko asalinsa, to ka tsaya, ba adalci kake nema ba kuma, wanda ya fi ka rauni kake nema. Wurin babana na rasa kafin in gane wannan, kuma da za a mayar da ni rumfar nan yau, amsar da na bayar ita zan sake bayarwa.