Mangwaronmu da Man Motar Ƙasar Ƙanƙara

Gidan hayar da muka zauna a Jikwoyi ɗakuna ne jeri biyu suna kallon juna, tsakar gida a tsakiya, bishiyar mangwaro ɗaya a gindin katanga. Ni dai ba mai fita ba ce. Maigidana tela ne a Karu, da safe ya tafi sai magariba, ni kuwa yawona daga ƙofar ɗaki ne zuwa gindin mangwaron nan. A nan nake tsince shinkafa, a nan nake kitso in an samu mai so, a nan nake jin duk abin da ake faɗa a gidan ba tare da na tambayi kowa ba.

Da mahaifiyata ta samu shanyewar ɓarin jiki na ɗauko ta daga gida, sai bishiyar ta zama dole a gare mu. Ɗakinmu rufin kwano ne babu silin, in rana ta take da bazara ko lafiyayye ba ya iya zama ciki. Kullum da hantsi nake kama Inna mu fito, in shimfiɗa mata tabarma da filo a inuwa, ba ta komawa ciki sai la'asar sakaliya.

A ɗakin da ke kallon namu akwai wani ma'aikacin gwamnati, kowa Oga yake ce masa. Yana da baƙar mota, ta hannu ce amma yana ji da ita fiye da yadda wasu ke ji da 'ya'yansu, kuma babu inda take shiga a gidan sai ƙarƙashin mangwaron. Da farko mun zauna lafiya. Ya fita da safe, mu shimfiɗa tabarma, ya dawo da yamma mun naɗe.

Sai ofis ɗinsu ya tura shi kwas wata ƙasar Turawa. Sati biyu ya yi. Sati biyu kacal, na ƙirga da kaina, domin ni na riƙa ba wa kyanwarsa abinci. Amma mutumin da ya dawo sai ka rantse a can aka yanke masa cibiya. Ya sauko daga tasi da ƙatuwar rigar sanyi a tsakiyar watan zafi, gumi na bin wuyansa, bai cire ba sai da duk gidan ya gani. Daga ranar kowace magana ta koma "a can". A can ba a zubar da ruwan wanki a tsakar gida. A can kyanwa tana da likita. A can mutum ba ya barin motarsa ta shiga winta, wato lokacin sanyinsu, sai ya shafe ta da man da ke kare fenti.

Wannan man shi ya zama aikinsa. Duk Asabar da Lahadi ya ɗauko kujera ya zauna da waya, yana kallon Turawa cikin hular sanyi suna goge motocinsu, kuma tunda ni ce kullum nake wurin, ni na zama ɗalibarsa. Ya bayyana mini cewa wani man wata uku yake yi, wani wata shida, wani kuma shekara cur. Wani kamar man kaɗanya yake a gwangwani, wani fesawa ake yi. Ya ce a can gishiri ake barbaɗa wa titi don ƙanƙara ta narke, gishirin kuma cin fenti yake yi, shi ya sa mai hankali ba ya zaɓen man mota da ka.

Na ce, "Oga, mu nan layin ko kwalta ba a barbaɗa mana ba, balle gishiri."

Ya yi murmushin da ake yi wa wanda bai yi makaranta ba, ya ce abin da ya jure babba ai zai jure ƙarami.

Ƙarshe dai aka kawo masa gwangwani uku ta hannun wani abokinsa. Ranar gwaji ba zan manta da ita ba. Ya raba bonet ɗin motar, wato murfin injinta, gida uku da salatif, ya shafa wa kowane ɓangare nasa, ya goge har yana ganin haƙoransa a ciki. Sannan ya zo ƙofata da sallama ya ce in ara masa gishiri. Na zuba masa a ɗan kwanon silba, ya jiƙa ya yayyafa. Daga nan ya ƙwanƙwasa wa maƙwabciyarmu, wata 'yar Jos mai sayar da zoɓo, ya karɓo ƙanƙara biyu daga firijinta, ya ɗora a kan bonet ya ja da baya ya riƙe ƙugu. Kafin ya gama yi mana bayanin abin da za mu gani, ƙanƙarar ta narke ta bi taya. Mai zoɓo ta ce da ta san wanka za a yi wa mota da ta ba shi ruwan randa. Inna da bakinta ya karkace ma sai da kafaɗarta ta girgiza don dariya.

Duk da haka ya zaɓa. Shuɗin gwangwani mai hoton dutse da farar ƙanƙara a kai. Ya ɗaga shi sama ya ce da ni, kuma na riƙe maganar kamar yadda ta fito:

"Madam, wannan in na shafa, shekara guda babu abin da zai kama jikin motar nan. Ba ƙanƙara ba, ba gishiri ba, ba komai ba. Duk abin da ya sauka a kai, ruwa kawai za a watsa ya zame."

Ya faɗa wa mai kawo ruwa a kura, ya faɗa wa mai gadin layi, na ji shi a waya yana faɗa wa abokan aikinsa har biyu daga cikinsu suka ce a yo musu odar irinsa.

To, mangwaro bai san da zancen ba. Ya yi fure, furen ya zubo, ya fara 'ya'ya, ƙaro na ɗiga. Da suka fara nuna sai jemagu suka gano gidanmu. Kullum da safe motar Oga kamar an yi mata zanen lalle, kuma kashin jemage in rana ta gasa shi a kan baƙin fenti ba ruwa kaɗai ke fitar da shi ba. Na riƙa kallonsa yana watsa ruwan yana jira ya zame. Bai zame ba. Sai ya waiga ko ana ganinsa, ya sa farce.

Wata ranar Laraba ya tsaya bayan motar yana waya, yana cakuɗa Hausa da Turanci don kada in gane. Ni Turanci ba na jin sa, amma ina jin mutum. A cikin maganarsa na tsinci kalmar mangwaro, na tsinci inji, na tsinci Asabar. Da yamma mai zoɓo ta tabbatar mini: Oga ya je wurin mai gidan, ya ce a sare bishiyar, shi zai kafa rumfar kwano a wurin da kansa. Mai gidan tsoho ne, Bagwari, ba ya son hayaniya, kuma wa zai ƙi rumfa kyauta?

Na same shi da girmamawa, na ce Oga ka dubi tsohuwar nan, inuwar ita ce numfashinta. Ya ce yana tausaya mata ƙwarai, amma a can ba a barin bishiya kusa da mota, in saya mata fanka. Fanka, a unguwar da wuta ke leƙo mu kamar baƙuwa mai sauri. Maigidana ya ce in yi haƙuri, mu 'yan haya ne, mai ɗaure wuya da taye ba a ja da shi. Na ce to. Amma na riga na ji wani abu a wayar nan tasa: ranar Asabar ɗin ce abokan aikinsa biyu za su zo karɓar gwangwanayensu.

Asabar da hantsi mai injin yankan itace ya iso, tsohon mai gidan hayar ma ya iso da sandarsa. Na fito da Inna kamar kullum na kwantar da ita a inuwa. Oga ya ce in matsar da ita za a fara aiki. Na ce bari ta gama shan kununta. Ban taɓa ba wa mutum kunu a hankali kamar ranar ba. Cokali ɗaya, in goge mata baki, in gyara filo. Ina kan haka baƙin suka yi sallama, da shadda da ƙamshin turare, Oga ya ruga ya fito musu da shuɗayen gwangwanaye.

Sai na miƙe na gyara mayafi na gaishe su, na juya wajensa.

"Oga, ni ban yi boko ba, tambaya ce da ni. Ba wannan ne man da ka ce shekara guda babu abin da zai kama motar ba? Ba ƙanƙara ba, ba gishiri ba, ba komai ba, ruwa kawai za a watsa ya zame?"

Ya ce shi ne.

"To ashe jemagen Jikwoyi ya fi ƙanƙarar Turawa ƙarfi? Don in man ne bai yi ba, gara bayin Allahn nan su sani kafin su ɗauka."

Ɗaya daga cikin baƙin ya dubi gwangwanin hannunsa, ya dubi motar, ya fara matsawa kusa da bonet. Oga ya sha gabansa. Ya ce man lafiyarsa lau, fentin motar ko ƙwarzane babu, mata ne dai ba su fahimci yadda abin yake aiki ba.

Mai gida ya dogara sandarsa, ya ce da irin Hausarsa, "To Oga, in mota bai lalace ba, bishiya me ya yi maka?"

Na ga Oga yana auna abu biyu, motarsa da bakinsa, kuma na san wanda zai zaɓa, domin na yi wata uku ina sauraronsa. Ya yi wata 'yar dariya ya ce ai an yi masa mummunar fahimta, shi reshe ɗaya ya ce a rage, busasshen can da zai iya faɗo wa tsohuwa. Mai inji ya ɗaga kai ya daɗe yana neman busasshen reshe. Da ƙyar ya samo wani da bai kai hannuna kauri ba, ya hau ya karya shi da hannu, ko injin bai tayar ba. Mai zoɓo ta roƙa a ba ta don hura gawayi.

Bayan sati ɗaya Oga ya shigo da wani ƙunshi a ɓoye. Tampol ne ruwan toka, irin wanda ake lulluɓe mota da shi, na kasuwar Karu, babu hoton dutse babu na ƙanƙara. Daga ranar motar da aka sha wahalar sa ta ƙyalli babu mai ganin ƙyallinta a gidan. Da yamma ya lulluɓe, da safe ya yaye ya kakkaɓe ya ninke, yana kauce wa idona. Ranar farko da Inna ta ga abin a rufe tun daga kai har ƙafa, ta jawo hannuna ta tambaya da ƙyar ko rasuwa aka yi.

Bazara biyu Inna ta ƙara yi a gindin mangwaron nan kafin Allah Ya karɓi abinsa, kuma ko sau ɗaya ban kwantar da ita a ɗakin kwano da rana ba. Oga ya daina yi mini darasi, ya koma gaisuwa daga nesa. In mangwaro ya nuna nakan wanke masu kyau in aika wa kowane ɗaki, har da nasa, kuma bai taɓa mayarwa ba. Kwanon gishirina ma bai mayar ba. Na gan shi a bayan tagarsa, yana ajiye soson goge mota a ciki.