Ranar da na saita jita da ƙwaryar Inna Gambo

Cikin duk shekarun da na yi ina kaɗa jita a Jidda, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce wadda muka ɗauki na'ura muka tafi unguwar Kurayyat naɗar muryar wata tsohuwa. Tsakiyar shekarun tamanin ne, alhazai sun watse, zafi yana ganiyarsa. Ku da kuka shigo sana'ar nan a bayanmu kun sha tambayata abin da ya sa ba na taɓa tsirkiya sai mawaƙi ya buɗe baki. To, daga ranar nan abin ya samo asali.

A lokacin ina aiki a wani ƙaramin istidiyo a unguwar Nuzla, ɗaki biyu a saman shagon kayan lantarki. Mai wurin shi ne kafilina, wato mai tsaya mini a wurin hukuma, shi ya yi mini iƙama, takardar zama, bayan na zo umra na maƙale, amma nasa sa hannu ne kawai. Mai gudanar da aiki Mu'allim Abdurrahim ne, Bahaushen Sudan, makaɗin udi, wato molon nan na Larabawa mai ƙaton ciki. Shi ne shugaban makaɗa, shi ne kuma ke riƙe da na'urar naɗa. Ni Sale ina ƙasa da shi. A Jos na koyi jita, a wata ƙungiyar kiɗan otal, kuma na sauka Jidda da girman kai fiye da kayan sawa.

Ina da daftari mai baƙin bango da na cika da kod. Ga wanda ba ɗan sana'a ba, kod shi ne ka danne tsirkiya da yatsu yadda sauti uku za su tashi tare su tallafi muryar mawaƙi. Akwai na ƙasa, akwai na sama da ke raka shi, sai na tsakiya. Na tsakiyar nan shi ke yanke hukunci: ka ɗaga shi kiɗa ya yi fara'a, ka sauke shi kaɗan kiɗa ya yi jimami. In an kawo mana waƙar gargajiya a kaset, aikina ne in saurara in nemo gidanta, wato sautin da murya ke komawa ta huta a kansa, in rubuta kod ɗin da suka dace, mu gwada, sannan a naɗa. Kafin duk wannan sai na saita jita da wani ɗan usur na ƙarfe da ba ya rabuwa da aljihuna. Na yarda da usur ɗin nan fiye da yadda na yarda da kunnena.

Wata Litinin wani mutum ya hawo mana bene, Malam Haruna, direban wayit, motar da ke kai ruwa gidaje. Ya ajiye kaset a tebur ya ce muryar mahaifiyarsa ce, Inna Gambo. Tana yarinya suka taso daga ƙasar Haɗeja da ƙafa, suka ratsa Cadi da Sudan, shekaru suna hanya, kafin su haye teku zuwa nan. Waƙar da ke cikin kaset ɗin ita matan ayarin suke yi in suna tafiya, kuma a saninsa ba sauran mai ita sai Inna. 'Ya'yansa haifaffun Jidda ne, da ta fara waƙar sai su sulale, shi ya sa yake son a sa mata jita ko za su tsaya su ji. Sai da ya tashi tafiya ya faɗi ainihin abin da ya kawo shi. An ga ƙari a maƙogwaronta, ranar Asabar za a yi mata aiki, likita kuma bai yi alkawarin muryar za ta dawo ba. Mu'allim ya ce to Alhamis da hantsi za mu zo gida, tunda Inna ba za ta hau benenmu ba.

Kwana uku na yi da kaset ɗin nan. Murya ce kawai da kiɗan ƙwarya a ƙarƙashinta. Na ɗauka aikin rabin sa'a ne, don waƙar sauti biyar take yawo a kai kamar yawancin waƙoƙinmu. Amma duk kod ɗin da na aza sai ya zauna a layi ɗaya ya tashi a na biyu. Na bi daftarin nan shafi shafi. Da na gaji sai na yi abin da maras gwaninta ke yi, na ɗora wa mai waƙa laifi. Na ce wa Mu'allim tsufa ya sa muryar tsohuwar tana zamewa, gara mu riƙe kod uku mu ja ta ta biyo mu. Ya ɗago daga shayinsa ya dube ni.

"Ya Sale, kai da jitarka shekara nawa?"

Na ce goma sha biyu.

"Ita da waƙarta sun haura hamsin. Tayyib, shi ke nan, mu je mu ga wanda zai ja wani."

Gidan Malam Haruna ƙarami ne, a wani lungu da ko wayit ɗinsa ba ta shiga. Aka zaunar da mu a ɗakin baƙi, aka saki labule a ƙofar da ta shiga cikin gida. Inna na bayan labulen tare da surukarta da jikoki. Mu'allim ya miƙa makirfo ɗaya ta ƙarƙashi, ya kafa ɗaya a gabana, ya sa aka kashe mukayyif, injin sanyaya ɗaki, don kada ƙuginsa ya shiga naɗin. Minti biyar ba a yi ba riguna suka manne mana a baya. Muka gaisa da ita ta bayan labule. Muryarta a dishe take, kuma na lura ba ta kiran sunan Malam Haruna, da yake ɗan fari ne, sai dai ta ce "wannan". Ni kuwa nan take ta raɗa mini mai molo.

Na busa usur, na saita jita, Mu'allim ya kunna na'ura. Ta fara, na shiga da kod masu fara'a, har da ɗan ado irin na Jos. Layi biyu ta yi ta tsaya. Ta tambayi ɗanta ko bikin wani ake yi ba a gaya mata ba. Na ji matan suna dariya ƙasa ƙasa, kunya ta kama ni. Na ce a sake. Wannan karon na sauke yatsan tsakiya, kiɗa ya koma na jimami. Ta kai layi uku, tari ya sarƙe ta, aka ba ta ruwa. Da ta samu numfashi ta ce:

"Mai molo, ɗazu biki ka kai ni, yanzu ka kai ni zaman makoki. Mu tafiya muke yi."

Daga nan ta gaya wa ɗanta maƙogwaron yana mata zafi, sau ɗaya ya rage mata. In bai yi ba a bar ta, waƙar ta bi ta inda za ta. Ba faɗa ta yi ba, a hankali ta faɗa, shi ya sa maganar ta fi dukana. Na dubi Malam Haruna ya sunkuyar da kai. A nan na gane cewa in na sake kuskure, ba aiki ɗaya na ɓata ba, waƙar ce za ta ƙare a hannuna. Mu'allim ya miƙo hannu ya rufe daftarin da ke kan gwiwata, ya ce, "Halas, ajiye wannan. Yi shiru ka ji."

Da na yi shirun sai na ji abin da tun safe ake yi a bayan labule ban kula ba. Ƙwaryar Inna kife take a kan ruwa cikin baho, irin kiɗan ruwa na matan gida. Kafin ta fara waƙa takan karkata ƙwaryar ta saki iska, ruwan ya yi ɓulɓul, ta buga da ludayi, ta yi ɗan gunji a hanci, ta sake karkatawa. Haka take yi har sautin ƙwaryar ya haɗu da inda muryarta ta kwana a ranar. Saiti take yi. Ita ma da usur ɗinta, kuma nata ba ya zama wuri ɗaya, yau daban gobe daban. Ni na zo da nawa na ƙarfe daga wata duniya ina so ta hau kansa, sautin ƙwaryar kuwa yana can tsakanin danni biyu na jitata, inda ba yatsan da zai same shi.

Na roƙe ta ta ci gaba da buga ƙwaryar ita kaɗai. Na kama kunnen jita ina sassauta babbar tsirkiya kaɗan kaɗan, har na ji rawar da ke tsakanin sautukan biyu ta lafa, suka zama ɗaya. Sauran tsirkiyoyin na bi su da ita. Sai maganarta ta dawo mini: ba biki, ba makoki. Wanda ke kai kiɗa biki ko makoki ai sautin tsakiya ne. Na ɗage yatsan gaba ɗaya. Ya rage saura biyu, na ƙasa da na sama, ba ado ba komai. Na riƙa kaɗa su a hankali daidai takun mai kaya a kai. A Jos da an ji ni ina wannan da an ce ban iya ba. Mu'allim ya kunna na'ura bai gaya wa kowa ba.

Inna ta ɗauki layin farko, muryar ta zauna a kan sautukan nan biyu daram. Tsigar jikina ta tashi. Sai kuma ta yi shiru, ƙwaryar ma ta tsaya. Na ce a raina shi ke nan, na ƙarasa ta. Ban daina kaɗawa ba don ban san abin da zan yi da hannuna ba.

"Mai molo, wa ya koya maka wannan?"

Na ce, "Ba kowa, Inna. Ƙwaryarki na bi."

Ta ce a hanya ba su da ƙwarya ba su da komai, hannu yana riƙe da kaya. In ɗaya tana waƙa, sauran matan baki rufe suke raka ta da gunji, murya biyu, ta ƙasa da ta sama. Ta ƙasan mahaifiyarta ce ke yi. A Sudan aka binne ta kafin su kai bakin teku, kuma tun ranar ba ta ƙara jin muryoyin nan biyu a ƙarƙashin waƙar ba sai yanzu. Ƙwaryar ma don ta cike wurin ta fara bugawa. Ta ce in riƙe haka, kada in ƙara, kada in rage.

Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa a aiki ba. Tsohuwar da tari ya tsayar a layi uku ta ɗauki waƙa ta yi ta tafiya. Abin da ke cikin kaset ɗin da ɗanta ya kawo ashe ko kwata bai kai ba. Ta bi garuruwan hanya ɗaya bayan ɗaya, inda suka yi noman ƙodago don samun guzuri, inda rijiya ta ƙafe, inda aka haifi wance, inda aka bar wane. Ta zo kan baitin mahaifiyarta, ta faɗi garin da itacen da ke kusa da kabarin. Malam Haruna ya ɗago kai da sauri. Daga baya ya gaya mini bai taɓa jin baitin ba, bai ma san inda kakarsa take kwance ba sai ranar. Mu'allim, wanda ba a naɗi a gabansa bai sa udinsa ba, ya jingine shi a bango bai taɓa shi ba har aka gama, sai dai ya juya kaset da sauri in ya cika. Can tsakiya na ji gunji ya ƙaru a bayan labule. Surukar ce da jikokin, waɗanda Hausar ma da ƙyar suke mayarwa, suka kama sautukan biyu daga jita suna raka ta baki rufe. Gumi yana shiga mini ido, yatsuna sun yi tsami, tsoro da mamaki sun cika ni, ina ji kamar ba ni ke kaɗawa ba. Kiran sallar azahar ne ya tsayar da ita.

A hanyar komawa, da muka kusa Nuzla, Mu'allim ya tambaye ni kod nawa zan rubuta a daftari. Na ce babu ko ɗaya, sauti biyu ne. Ya ce in rubuta su duk da haka, in sa sunanta a sama.

An yi aikin ranar Asabar. Ta tashi lafiya, ta ƙara shekaru a duniya, amma muryar ba ta dawo ba sai raɗa. Malam Haruna ya ce takan sa a kunna mata kaset ɗin da hantsi, ta kife ƙwaryarta a ruwa ta yi ta karkatawa har ta dace da jitar, sannan ta buga tana raka kanta.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. Waƙar gargajiya ba ta zo wurinku neman gyara ba. Kafin jita ta iso tana da masu raka ta, aikinku ku nemo inda suka zauna ku zauna a wurin. Ku fara jin inda mai waƙa ya ajiye muryarsa a ranar, ku saita da shi, in kuma yatsa ɗaya ya yi yawa ku ɗage shi. Usur ɗin yana nan a aljihuna har yau, amma sai mawaƙi ya gama nasa saitin nake tuna da shi. Malamai da yawa sun koya mini jita, na san fuskar kowannensu. Wadda ta koya mini wannan, har ta rasu ban taɓa ganin fuskarta ba.