Ganyen Radiyya a kan huhun goro

Radiyya jikata ce, 'yar Zuwaira, kuma tun da aka haife ta a Adjamé ban taɓa ganin ta gama cin tuwo a zaune ba. Loma biyu, ta miƙe. A lekol ma haka malamai suka yi ta fama da ita har ta fito da takardunta. Wani ofis a Plateau ya kira ta aiki, inda ake zama kan kujera daga safe har la'asar. Ta yi kwana tara ta gudo, wai ƙafafunta sun fara mutuwa. Ta je Treichville ta kafa teburi a bakin shagon wani mai gyaran waya, tana ƙera ƙananan na'urori. Kullum tana kan gadar da ake hayewa zuwa Treichville, in ba tafiya take ba to dawowa take.

Uwarta ta gaji. Mutanen ofis sun ce har yanzu kujerar tana nan, sai Zuwaira ta sa ta yi alkawari a gabana: in 'yan goro suka ƙi abin da take ƙera musu, za ta naɗe teburin ta koma ta zauna.

Abin kuwa ga shi. Goro a huhu yake kwana, naɗe cikin ɗanyen ganye. Ganyen ya bushe, goro ya yanƙwane. Ruwa ya yi yawa, ya ruɓe. Ni shekara arba'in ina tsintar goro a rumfar Alhaji Lukumanu a kasuwar Adjamé, kuma ba mu da wata dabara sai kwance huhu a cusa hannu, kowace kwancewa kuma iska ce ta shiga. Radiyya ta yi wani ɗan akwati mai tsinke, a soka tsinken cikin ganye, shi kuma ya faɗi ko akwai laima. A fuskarsa akwai allo wanda bai kai kwalin ashana ba. Ba ja, ba kore. Ɗigo ne kawai, ko ya haska ko ya mutu.

Ta ce ɗigon ɗari da ashirin da takwas ne a kwance, sittin da huɗu a tsaye, kuma kowanne sai ta gaya masa abin da zai yi. Na ce ashe kin samu 'ya'yan da suka fi ki jin magana.

Da farko rubutun Faransanci ta sa. Alhaji ya kai shi hanci, ya nisanta shi, ya ce tururuwa yake gani. Ta ƙara wa haruffan girma, sai biyar kaɗai suka shiga allon, sauran suka faɗa waje. Na ce mata ko sun shiga duka, wa zai karanta? Rabin masu rumfunan nan ba su san ƙofar lekol ba, ni ce shugabarsu. Ta ce to zane za ta yi.

Na ga wahalar zanen nan da idona. Takarda mai gida-gida take samu, tana cike gidajen da baƙin alƙalami kamar mai zanen hula kafin ɗinki, sannan ta mai da kowane layi lamba ta buga a ordinata, wato kwamfuta, ta jona waya. Ganyen farko da ƙafarsa sama ya fito. Na biyu kifi ne sak. Tana yi tana zagaya tsakar gida, ta zauna bakin rijiya, ta tashi, ta ce ta manta wata waya a Treichville, ta fice. Sai a kwana na shida ta kawo ganye na gaskiya. In da laima ya miƙe, har jijiyoyinsa ana gani. In babu, ya sunkuyar da kai ya naɗe baki. Ko makaho ya shafa ya gane.

Alhaji ya ba ta huhu uku da mako guda ta gwada.

Ran Laraba wani baƙo ya zo daga arewa zai yi lodi. An gaisa, an fasa goro, ya tauna ya yaba. Ciniki ya kusa faɗawa sai idonsa ya sauka kan huhu na tsakiya, inda ganyen Radiyya ya sunkuya, yana haskawa kamar fitilar mota. Bai tambayi kowa ba. Ya kakkaɓe riga ya ce zai zaga ya dawo, muna kallo ya shige rumfar Jabiru, maƙwabcinmu da muke takarar ciniki da shi.

Goron nan lafiyarsa lau. Ganye ne ya ji ƙishi, yayyafin kofi ɗaya ya ishe shi. Amma wa zai tsaya yi wa baƙo wannan bayani? Alhaji ya zare tsinkayen nan uku ya zuba mini a zane.

"Hajiya, gaya wa jikarki na gode. Ban ɗauki ɗan rahoto aiki ba."

Da ta ji, ba ta yi kuka ba, zagaye ta shiga yi. Wai ai gaskiya na'urar ta faɗa. Na ce gaskiya ce, amma wa ya aike ta faɗa wa kasuwa? Na tambaye ta, duk zuwan da take yi rumfa, ta taɓa ganin na cusa hannu a huhu na ce wayyo ya bushe? In na ji ganye ya yi ƙishi, gyara ɗankwalina nake yi ta hagu. Alhaji ya gani, ya ja baƙo da hira, a janye huhun baya a yayyafa masa ruwa. Shekara arba'in ba wanda ya taɓa ganewa.

"Kaka, ke da kika ce in yi shi yadda kowa zai gane."

"Na ce mu gane. Mu ne kowa?"

Ta tsaya cak, abin da ban saba gani ba. Sai ta suri jakarta. Saura kwana biyu mako ya cika, Zuwaira har ta kai rigunan ofis wurin mai guga.

Ran Juma'a da hantsi ta shigo rumfa da gumi. Ta soka tsinke a huhu. Allon ya nuna agogo, manyan lambobi, ba ganye ba komai. Alhaji ya ce yana da agogo a hannu. Ta ce ya dubi ɗigo biyun nan da ke tsakanin awa da minti. In suna tsaye, ganye na da laima. In suna ƙiftawa, a kawo ruwa. Duk wahalar kwana shida ta share ta, ta bar ɗigo biyu.

Alhaji ya ƙura wa ɗigon ido. Ya aika a kira Jabiru, wai ya zo ya ga sabon agogo. Jabiru ya duƙa ya duba huhun da muka sani sarai yana jin ƙishi, ɗigon suna ta ƙifta masa ido. Ya ce agogon ya yi kyau, amma yana gaba da minti biyu. Ya tafi.

Alhaji ya bi shi da kallo har ya shige, sannan ya ce huhunsa talatin da ɗaya ne, kuma kada ta kuskura ta yi wa Jabiru irin wannan alamar, ta nemo masa tasa daban.

Na juya in ce mata ta je ta gaya wa uwarta a karɓo riguna daga wurin mai guga a mayar akwati. Ban same ta ba, har ta fice. Wai allo uku kaɗai gare ta, sauran sai Treichville.